Rigakafin rubela: Abin da ciwon mai juna biyu ke yi wa ƙwaƙwalwar ɗan tayi

A watan Oktoban 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangamin rigakafi mafi girma a tarihin ƙasar nan, wanda aka tsara zai kai ga yara fiye da miliyan 100, aka kuma fara shi daga jihohin Arewa. Ƙyanda da shan inna ba baƙi ba ne a kunnen kowa. Baƙon da ya shigo cikin jerin shi ne rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus, kuma an haɗa rigakafinta da na ƙyanda a allura guda ga yara daga wata tara zuwa shekara 14.

Tambayar da iyaye da dama suka yi ba ta rashin hankali ba ce. Rubela ciwo ne mai sauƙi ga yaro: ɗan zazzaɓi, ƙuraje ƙanana da ke ɓacewa cikin kwana uku, kaluluwa a bayan kunne, shi ke nan. Da yawa daga waɗanda suka kamu ma ba su san sun kamu ba. To me ya sa za a kashe maƙudan kuɗi a kan ciwon da ba ya kwantar da yaro, a ƙasar da maleriya da tamowa ke kisa kullum? Amsar ita ce, yaron da aka yi wa allurar ba shi ne ainihin wanda ake son karewa ba. Wanda ake karewa bai zo duniya ba tukuna. Yana cikin mahaifiyar yaron, ko cikin maƙwabciyarsu, ko malamarsu ta makaranta, wadda wataƙila ita kanta ba ta riga ta tabbatar tana da shigar ciki ba.

Wani likitan ido ne a birnin Sidni na Ostireliya, Norman Gregg, ya fara gano wannan a 1941. Ya ga an yi ta kawo masa jarirai masu yanar ido fiye da yadda ya saba gani, sai ya bi diddigi tare da takwarorinsa, suka tattara jarirai 78. Iyaye mata 68 daga ciki sun yi rubela a farkon cikinsu, lokacin annobar da ta ratsa ƙasar a shekarar da ta gabata. Kafin wannan, likitoci sun ɗauka cewa mabiyiya katanga ce da babu abin da ke ƙetare ta, kuma duk nakasar da aka haifi yaro da ita gado ce. Sai da aka ɗauki shekaru kafin su yarda da maganar Gregg baki ɗaya. Amurka ta ga zahirin abin a annobar 1964 zuwa 1965: mutum miliyan 12.5 suka kamu, ciki kusan 11,000 ya zube, aka haifi jarirai wajen 20,000 da kurumta ko makanta ko ciwon zuciya ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. A 1969 aka samar da rigakafi, kuma a 2015 aka ayyana nahiyar Amurka baki ɗaya a matsayin wadda ta rabu da cutar.

Idan mace ta kamu a makonni 12 na farko, yiwuwar cutar ta shafi ɗan tayi tana iya kaiwa kashi 90 cikin 100. Bayan mako na 20 kuwa da wuya a ga illa. Ƙwayar cuta ɗaya, uwa ɗaya, amma bambancin 'yan makonni shi ne tsakanin yaro lafiyayye da yaron da ba zai taɓa jin muryar mahaifiyarsa ba. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da masana suka shafe shekaru suna tonawa, kuma abin da suka tarar ya wuce batun rubela.

Baƙaƙe da wasulla

Kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam, ta ido ce ko ta hanta ko ta ƙwaƙwalwa, tana ɗauke da kundi iri ɗaya na ƙwayoyin gado, wato DNA, mai ƙunshe da umarni kusan 20,000 na ƙera furotin. Tunda kundin ɗaya ne, abin da ya bambanta ido da hanta shi ne wane shafi aka buɗe, wane aka rufe, a yaushe, kuma na tsawon wane lokaci. Ma'aikacin gwamnati zai gane wannan da sauri. Fayil yana nan yadda yake, babu wanda ya yage takarda ko ɗaya, amma abin da aka rubuta a gefensa, a aiwatar ko a ajiye sai gaba, shi ke yanke abin da zai faru da shi.

Jiki yana da nasa rubutun gefe. Ɗaya daga ciki wani ɗan ƙaramin sinadari ne da ake kira metil, wanda idan aka liƙa shi a bakin ƙofar wani umarni yakan hana a karanta shi. Wani kuma ya shafi yadda ake naɗe DNA ɗin. Tsawonsa a cikin ƙwayar halitta guda ya kusa mita biyu, don haka ana naɗe shi a jikin wasu furotin kamar zare a kwarkwaro. Inda aka ɗaure tam ba ya karantuwa, inda aka sassauta yana karantuwa. Wanda ya yi karatun ajami ya san cewa baƙaƙe na iya zama ɗaya amma wasali ya sauya ma'anar kalma ɗungurungum. Haka lamarin yake a nan. Cutar ba sai ta goge baƙi ko ɗaya daga kundin gado ba. Ya ishe ta ta gurɓata wasullan a lokacin da ake sanya su.

Lokacin sanya su kuwa shi ne zaman ciki, musamman farkonsa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne kafin cikar kwana 28 da samun ciki. Daga nan wasu ƙwayoyin halitta na musamman, waɗanda za mu iya kira ƙwayoyin iri, sukan yi ta rarrabuwa suna haifar da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, su kuma sabbin su yi ƙaura zuwa inda aka tsara musu su jeru hawa-hawa, har shida a ɓawon ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar babban mutum tana da irin waɗannan ƙwayoyi kimanin biliyan 86, kuma mafi yawansu tun a ciki aka ƙera su. Kowane mataki yana da ƙayyadadden lokacinsa, kuma ba a komawa baya a sake shi. Ginin da aka kuskure wa harsashi, ba fenti ne zai gyara shi ba.

Cewa abin da ke faruwa da uwa yana barin tabo a waɗannan wasulla ba hasashe ba ne. Mutanen da aka ɗauki cikinsu lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Holan a 1944 zuwa 1945, an auna su bayan shekara sittin aka tarar da ƙarancin metil a wani umarni mai kula da girma, idan aka kwatanta da 'yan'uwansu na ciki ɗaya. Nan kusa da mu, a karkarar Keneba ta ƙasar Gambiya, masu bincike sun nuna a 2014 cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma cimar gida ta sauya, suna da tsarin metil dabam da na waɗanda aka ɗauka da rani. Wannan batun abinci ne, ba ƙwayar cuta ba, amma ya tabbatar da cewa ƙofar a buɗe take.

Darasin Burazil

Hanya ta farko da bairos ke yin ɓarna ita ce ya ƙetare mabiyiya ya shiga jikin ɗan tayi da kansa. Babu inda aka ga haka ƙarara a wannan ƙarni kamar arewa maso gabashin Burazil. A ƙarshen 2015 likitocin birnin Resife suka fara ganin jarirai masu ƙananan kawuna sun yi yawa. Ƙasar da ta saba samun rahoton irin wannan haihuwa ƙasa da 200 a shekara, kafin ƙarshen Janairun 2016 ta tara fiye da 4,000 da ake zargi, ko da yake daga baya bincike ya cire da yawa daga lissafin. Ranar 1 ga Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci ta ƙasa da ƙasa. Mai laifin shi ne Zika, wanda sauro ke yaɗawa.

Cikin 'yan watanni masu bincike a Amurka suka nuna a ɗakin gwaji cewa Zika ƙwayoyin iri yake fi kama wa, ba ƙwayoyin da suka riga suka nuna ba. Idan ya shiga, yakan dagula jerin umarnin da ke tafiyar da rarrabuwarsu: wasu su tsaya cak, wasu su mutu, wasu su nuna kafin lokaci su daina haihuwa. Manomi ya san bambancin ɓeran da ya ci damin da aka girbe da wanda ya ci irin shuka. A 2017 wata tawaga a Jami'ar Kambirij ta Ingila ta gano cewa bairos ɗin yana kama wani furotin mai suna Musashi-1, wanda ke da yawa a ƙwayoyin iri, ya mai da shi bawansa wajen hayayyafa, shi kuma furotin ɗin ya bar aikinsa na asali. Wasu kuma, da suka raina ƙananan curin ƙwaƙwalwa a cikin kwalba, sun ga tsarin metil na umarnin ƙwaƙwalwa ya sauya bayan shigar cutar.

Binciken da ya fi ɗaukar hankali a ganina shi ne na tagwaye, wanda Jami'ar Sawo Pawulo ta wallafa a 2018. An sami tagwayen da ba na ƙwai ɗaya ba, uwa ɗaya, ciki ɗaya, cuta ɗaya, amma guda ya fito da ƙaramin kai, ɗayan lafiya lau. Da aka ɗebi jininsu aka mai da shi ƙwayoyin iri a ɗakin gwaji, aka zuba musu Zika, sai bairos ɗin ya fi hayayyafa a ƙwayoyin wanda ya nakasa. Tun kafin a zuba cutar ma, akwai bambanci a yadda wasu umarni ke buɗe ko rufe tsakanin su biyun. Wato ba cutar kaɗai ke yanke hukunci ba, har da yanayin da ta tarar. Shi ya sa mafi yawan matan da suka kamu da Zika suka haifi yara ba tare da wata nakasa da ido ke gani ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin nesa ne. A dajin Zika na ƙasar Yuganda aka fara gano bairos ɗin a 1947, kuma binciken da aka yi a Ibadan a shekarun 1970 ya same shi a jinin mutanen ƙasar nan. Tsibirin Kef Bad ya yi annobarsa a 2015. Sauron da ke ɗaukarsa, wanda shi ne kuma ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, da rana yake cizo, kuma ba kwata yake so ba. Tsaftataccen ruwan da aka ajiye yake nema: randa marar murfi, duro, tsohuwar taya, gwangwani. A garuruwan da famfo ba ya kawo ruwa, inda kowane gida ke tara na mai kura, ba sai an gayyace shi ba.

Akwai kuma wanda ya fi rubela da Zika yawa, amma da wuya a ji sunansa a asibitocinmu. Ana kiran sa CMV. Shi ne ciwon da aka fi haihuwar jarirai da shi a duniya. A Amurka kimanin ɗaya cikin 200, a ƙasashe masu tasowa fiye da haka. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗannan jarirai kan sami matsala mai ɗorewa, kuma shi ne kan gaba wajen jawo kurumtar da ba ta gado ba. Yawu da fitsarin ƙananan yara ne babbar hanyarsa. A gidan da mai ciki ke goyo, tana yi wa na baya tsarki, tana cin sauran abincinsa, tana tauna masa nama ta sa masa a baki, hanyar a share take. Yawancin manyan mata a nan sun taɓa kamuwa tun suna yara, sai dai tsohuwar kamuwa ba ta ba da cikakkiyar kariya, domin yana iya farfaɗowa ko a kamu da wani nau'insa. Har yanzu babu rigakafinsa da aka amince da shi.

Idan garkuwar uwa ce ta yi ɓarnar

Hanya ta biyu ta fi wuyar fahimta, kuma a nan ne ya kamata a taka a hankali. Akwai cututtukan da da ƙyar suke ƙetare mabiyiya, kamar mura mai zafi, amma duk da haka ake zargin suna shafar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Zargin ya samo asali ne daga wani bincike na 1988 a kan annobar murar 1957 a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, wanda ya ce waɗanda suke watanni uku na tsakiya a ciki lokacin annobar sun fi kamuwa da taɓin hankali mai suna sikizofireniya da suka girma. Binciken da aka maimaita a wasu ƙasashe bai zo da sakamako ɗaya ba, amma tambayar ta zauna: idan bairos bai isa ga ɗan tayi ba, me ya isa gare shi?

Ɗakin gwajin Paul Patterson a jihar Kalifoniya ne ya ba da amsa mai ƙarfi, da ɓeraye. Sun yi wa ɓeraye masu ciki allurar wani sinadari da ke kama da bairos a idon garkuwar jiki, alhali ba ya hayayyafa kuma ba ya yaɗuwa. 'Ya'yan da aka haifa suka taso da sauyin ɗabi'a: ƙin cuɗanya, yawan tsoro, maimaita abu guda. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a lamarin. Martanin garkuwar uwa ne kawai. A 2007 suka nuna cewa wani ɗan saƙo na garkuwar jiki mai suna IL-6 shi kaɗai ya isa ya haifar da hakan, kuma idan aka toshe shi 'ya'yan kan tsira. A 2016 wasu suka ƙara da wani mai suna IL-17a, wanda suka ga yana hargitsa jerin hawa-hawan ɓawon ƙwaƙwalwa. Sannan masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka duba ƙwaƙwalwar irin waɗannan ɓeraye bayan sun girma, suka tarar da sauyin metil a wurare masu yawa, ciki har da umarnin da ke kula da ƙwayoyin da aikinsu shi ne kwantar da tartsatsin ƙwaƙwalwa. Wuraren da suka sauya kuma sun bambanta dangane da ko a farkon ciki aka yi allurar ko a ƙarshensa.

Hikimar abin ita ce, waɗannan 'yan saƙo na garkuwa ba yaƙi kaɗai suke yi ba. Ƙwaƙwalwa mai tasowa tana amfani da wasunsu a matsayin ishara ga ƙwayoyin iri, yaushe za su rarrabu, yaushe za su nuna. Idan jinin uwa ya cika da su saboda ciwo, sai ishara ta zo a lokacin da ba nata ba.

To amma ɓera ba mutum ba ne. Cikinsa mako uku ne, kuma babu mai iya yanka ƙwaƙwalwar jariri mai rai don ya duba wasullanta. Abin da ake da shi a kan mutane lissafin jama'a ne, shi kuwa lissafi yana da wayo. A 2019 wani bincike a ƙasar Suwidin, mai ɗauke da mutum kusan miliyan 1.8, ya ce yaran da aka gano iyayensu mata da wani ciwo mai kamuwa a asibiti lokacin ciki sun fi fuskantar galahanga da kashi 79 cikin 100, ciwon damuwa kuma da kashi 24. Kafofin watsa labarai suka ɗauka da zafi. Bayan shekara uku wasu masana a ƙasar dai suka sake duba yara kimanin 550,000, amma wannan karon suka kwatanta yaro da ɗan'uwansa na ciki ɗaya, wanda uwar ta yi ciwo a cikinsa da wanda ba ta yi ba. Sai alaƙar da galahanga ta dushe. Har ma suka ga matan da suka yi ciwo a shekarar da ta gabaci ɗaukar ciki suna da irin wannan alaƙa, abin da ke nuna cewa wani abu ne na gida, gado ko yanayin rayuwa, ke jawo duka biyun. A kan raunin fahimta dai ba su iya kawar da zargin baki ɗaya ba.

Korona ma haka ta zo da sakamako mai harshen damo. Wani bincike a Boston ya ga ɗan ƙarin jinkirin girma a shekarar farko ga yaran da iyayensu suka kamu. Wani a Niyok ya tarar cewa haihuwa a zamanin annobar ce ke da alaƙa da ɗan jinkirin, ko uwar ta kamu ko ba ta kamu ba, wato mai yiwuwa fargaba da kulle ne.

Hukuncin da ya dace a nan shi ne a raba abin gida biyu. Rubela da Zika da CMV ɓarnarsu tabbatacciya ce, babu jayayya. Mura da makamantanta kuwa, idan ma suna ƙara haɗari, ƙari ne kaɗan a kan haɗarin da dama ƙarami ne. Ciwon da ke samun mutum ɗaya cikin ɗari, ko an ninka shi biyu, 98 suna nan lafiya. Duk mai sayar da wani magani ko gwaji a intanet da sunan wanke ƙwayoyin gado, kuɗin mutane kawai yake nema. Haka kuma ba daidai ba ne a mai da wannan ilimi sabon bulalar dukan uwa. Mun daɗe muna ɗora wa matar da ta haifi yaro mai lalura laifin fita da magariba ko wanka a rafi. Ba ci gaba ba ne a sauya tuhumar zuwa cewa ita ta bari mura ta kama ta.

Wani abu guda da ba a jayayya a kansa shi ne zazzaɓi mai zafi a farkon ciki, ko mene ne sanadinsa, abin a sauke ne ba a yi jinkiri ba. A watan Satumban 2025 Shugaba Trump na Amurka ya gargaɗi masu ciki a kan farasitamol yana danganta shi da galahanga, maganar ta yaɗu har wayoyinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujja a kan haka, kuma wani binciken Suwidin na 2024 mai yara fiye da miliyan 2.4, wanda shi ma ya kwatanta 'yan'uwa, bai ga alaƙar ba. A ƙasar da zazzaɓin mai ciki zai iya zama maleriya ko Lasa, matar da ta zauna a gida tana jimrewa don tsoron ƙwaya ta fi shiga haɗari.

Inda gizo ke saƙar

Komawa kan rigakafinmu, akwai wani tarko da ya kamata masu mulki su sani, domin ya taɓa kama wata ƙasa. Inda babu rigakafin rubela sam, yawancin 'yan mata kan kamu tun suna yara su sami kariya ta har abada kafin aure. Idan aka shigo da rigakafi aka yi wa kusan kowa, cutar takan mutu. Amma idan aka yi rabi da rabi, cutar ba ta mutu ba, sai dai tafiyarta ta ragu, har yarinyar da ba a yi wa allura ba ta girma ba ta haɗu da ita ba, sai ranar da take da ciki. Ƙasar Girka ta shigo da rigakafin a shekarun 1970 ba tare da tsari mai ƙarfi ba, yawan waɗanda ake yi wa ya zauna ƙasa da rabi tsawon shekaru, sai a 1993 annoba ta ɓarke a tsakanin matasa, aka haifi jarirai masu lalurar fiye da yadda ƙasar ta gani cikin gomman shekaru.

Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ba a taɓa yi musu ko allura ɗaya ba, fiye da miliyan 2, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Gangami na kwana goma yana da daɗin sanarwa, akwai mota da lasifika da hoton manya. Abin da zai yanke hukunci shi ne aikin da babu mai ɗaukar hotonsa: ko yaron da aka haifa bana zai sami allurarsa a wata tara da kuma wata 15 a asibitin unguwa, ko firjin asibitin na aiki, ko an biya ma'aikaciyar. Tunda an fara, tsayawa a tsakiya ya fi rashin farawa haɗari. Kuma jama'ar da ba ta manta gwajin maganin Trovan na 1996 a Kano ba, wadda ta ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, ba za a shawo kanta da umarni kawai ba. Bayani take buƙata, irin wanda zai gaya wa uba cewa allurar ɗansa kariya ce ga cikin matarsa da na 'yarsa nan gaba.

Sannan gangamin ya tsaya a shekara 14. Matan da ke ɗakunan mazajensu yau ba su cikin lissafi, sai dai su amfana da raguwar cutar a tsakanin yara. Rigakafin rubela na ƙwayar da aka raunana ne, don haka ba a yi wa mai ciki, kuma ana son wadda aka yi wa ta jinkirta ɗaukar ciki wata guda. Lokacinsa ke nan kafin aure ko bayan haihuwa. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta ƙunshi cutar ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Amaryar da ta riga ta zo asibiti don wannan gwaji, babu abin da zai hana a tambaye ta batun rubela a yi mata allurar a zama ɗaya, muddin an tabbatar ba ta da ciki. Jihohi za su iya yin wannan ba tare da jiran Abuja ba.

Awon ciki ma yana zuwa a makare. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna ƙasa da mace ɗaya cikin biyar ce ke fara awo a watanni uku na farko. A wajenmu kunya ta ƙara nauyin abin, musamman a cikin fari, inda ake ɓoyewa sai ya fito da kansa. Kafin a je, makonnin da muka yi ta magana a kansu sun wuce. Ƙuraje da zazzaɓi a wata na biyu, waɗanda aka sha jiƙo suka lafa, babu mai tuna su ranar da aka lura yaro ɗan shekara biyu ba ya juyowa idan an kira sunansa.

A nan ne gwajin ji na jarirai ya shigo. Na'ura ce 'yar ƙarama da ake sa wa a kunnen jariri yana barci, cikin mintuna kaɗan ta ba da sakamako, amma asibitoci ƙalilan ne ke yin sa a matsayin ƙa'ida. Yaron da aka gano kurumtarsa a watannin farko aka sa masa na'urar ji, ko aka fara koya masa maganar hannu, yana tasowa da harshe. Wanda aka gano a shekara uku ya riga ya yi asarar lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar magana. Shi kuma CMV, sai an gwada yawu ko fitsarin jariri cikin kwana 21 na farko kafin a iya tabbatar da cewa da shi aka haife shi, kuma maganin da ke rage lalacewar ji ga jariran da suka nuna alamu ana son fara shi ne tun cikin watan farko, lokacin da mai jego ba ta ma gama wanka ba.